Fadamar da Ta Ƙi Shan Ruwan Malam

Markar bana ta kwana huɗu a Wudil ba ta ɗaga ba. Ƙofar ɗakina ta katako ta sha danshi ta kumbura, sai na sa kafaɗa kafin ta buɗe, ga shi kafaɗar tawa ba ta da sauran ƙarfin a zo a gani. Jiya da safe ina cikin kokawa da ita sai na tsaya ina dariya ni kaɗai, har maiɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya ƙalau, wani abu ne da ya taɓa kumbura mini na tuna. An fi shekara arba'in, amma da na shaƙi warin jiƙaƙƙen katakon nan sai ga wata damina ta dawo mini ɗungurungum, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Lokacin ne kuɗin mai ya ɓarke a ƙasar nan. Manyan motoci ba sa yankewa a kan gadar Wudil, wannan da siminti, wancan da rodi. A ƙauyenmu, can wajen Indabo, duk saurayin da ya iya ɗaga bulo ya tattara ya tafi birni, sai da salla a gan shi da rediyo a kafaɗa da wando mai sharar ƙasa. Gonaki kuwa suka rasa hannu. Gayyar da a da ake cika gona da mutane har mai gangar noma ya rasa inda zai tsaya, ta koma ta tsofaffi bakwai ko takwas, kowa na dafe da ƙugu. Baba yakan ce shi bai ga man nan da idonsa ba, abin da ya gani kawai shi ne ya kwashe masa majiya ƙarfin gari.

Ni ma ina cikin waɗanda aka kwashe, sai dai ni boko ne ya ɗauke ni. Gwamnati ce ke ɗauke da nauyina a jami'a, ina shekara ta uku ina koyon aikin kwamfuta. Kwamfutar zamanin ba irin ta aljihu ba ce. Ɗaki guda ta cinye, ɗakin kuma sanyi kamar randa, mu ɗalibai ko ƙofar ba ma tsallakawa. Kai dai ka rubuta umarninka da fensir a wata takarda mai gida-gida, ka kai wa mai huda kati, ta mayar da kowane layi kati ɗaya mai ramuka, ka jera su a kwali ka miƙa ta taga. Bayan sa'o'i a miƙo maka doguwar takarda da abin da injin ya ce. In harafi ɗaya ya kauce, ka yi aikin banza.

A gida gandu muke yi. Baba ne mai gandu, daga ni sai yayana Sale a ƙarƙashinsa. Tun daga safe har azahar aikin gonar gandu ne, wadda kowa ke ci daga rumbunta. Bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, ɗan filin da uba ke yanka wa ɗa ya noma na kansa. Shekara uku ke nan Yaya Sale na nome rabona a gandu ban da nasa. Bai taɓa kai ƙara wurin Baba ba. Ni dai yake faɗa wa, da ido, da kuma sunan da ya laƙaba mini, Akawu. Yadda yake jan sunan nan a bakinsa ya fi zagi ciwo.

A shekarar ne wani malaminmu, Malam Haruna, da bai daɗe da dawowa daga Turai ba, ya koya mana wani yaren inji mai suna Simula. A yaren akwai abin da ake kira kilas. Kilas fasali ne. Ka ɗauki abu, ka faɗi abin da ya mallaka, ka faɗi ayyukan da ya iya. Daga nan kana iya fitar da wani kilas daga jikinsa, na farkon ya zama uba, na biyun ya zama ɗa. Duk abin da uban ya mallaka da duk aikin da ya iya, ɗan ya samu ba sai an sake rubutawa ba. Malam ya rubuta uban kilas da kansa ya sa masa suna Gona. Gona tana da faɗi, tana da danshin ƙasa, ta iya karɓar ruwan sama, ta iya lissafa abin da rana ke ƙafarwa kullum. Ya kuma rubuta shirin da ke saukar da ruwa da fito da rana kwana bayan kwana har damina ta ƙare a cikin injin. Mu aikinmu kowa ya rubuta ɗa guda. Wani ya ɗauki gonar alkama, wani ta auduga. Ni da na tashi a bakin kogi na ɗauki fadamar shinkafa, inda ƙasa ke jan ruwa daga ƙarƙashi ko sama ba ta ba da ba.

Ranar da ya raba aikin, Malam ya ja mana kunne cewa kowa ya yi nasa da hannunsa, wanda ya ɗauki na wani ya kuka da kansa. Ni kuma na tashi a gidan da ba a sa hannu a jakar babba. Ko buzun sallar Baba in yana shimfiɗe kewaye shi muke yi. Da na zo inda zan taɓa danshin da Malam ya rubuta, in kira ayyukan da ya wahala a kansu, sai hannuna ya ƙi. Ba wai ban san hanyar ba ce, ya nuna ta a allo. Gani nake wannan hanyar ta malalata ce, kuma ɗan mutunci ba ya cin gumin malaminsa. Na rubuta a layin farko cewa Fadama 'yar Gona ce, don dole ne, sannan na shiga ciki na sake gina komai da kaina: danshina, karɓar ruwana, lissafin ranata, duk da sunayen da Malam ya sa wa nasa. Katin abokaina a hannu ɗaya suke riƙewa. Nawa ya doshi ɗari tara, a ka nake ɗaukar kwalin, ina tafe ina jin kaina.

Sau uku aka saka katina, sau uku shinkafata na mutuwa a kwana na tara. Takardar tana nuna ruwa na sauka, danshina kuma na ta yin ƙasa har ya kai sifili. Na duba na duba ban ga inda ruwan yake bi ba. A takarda ta uku Malam ya rubuta da jan biro cewa saura gwaji ɗaya, ya sa ranar Talata a goman ƙarshe na azumi. Kowa ya san abin da ke bayan wannan. In ta huɗun ta faɗi za a sallame ni daga sashen, gwamnati ta janye hannunta, in dawo gida da kwalin kati. Aka rufe ɗakunan kwana don hutu, na ɗauko kwalina da takarduna na taho.

Na iso ana jibi azumi. Ban faɗa wa kowa komai ba, sai dai na ce wa Baba akwai ranar da zan koma makaranta. Yaya Sale ya dubi kwalin, ya dube ni.

"Akawu, ko dai an kusa dawo mana da kai ne?"

Na ce masa Allah ne masani. Ya miƙo mini fartanya.

Goman farko ruwa ya ɗauke. Da asuba Inna, mahaifiyarmu, za ta ɗumama tuwon dawar da ya kwana, mu ci mu sha ruwa iya cikinmu, muna idar da salla mu kama hanyar gona da sauran sanyin raɓa a ƙafa. Wannan sanyin shi ne rabonmu na yini. Kafin hantsi ya ɗaga rana ta buɗe, ƙasar da ya kamata ta yi laushi a ƙarƙashin fartanya ta koma tana ƙara. Maimai muke yi, noma na biyu, ga ciyawa ta riƙa don rashin hannu. Ganyen gero ya nannaɗe. Hannuna da ya saba da fensir ya yi bororo a rana ta farko, ya fashe a ta biyu. Wajen sha ɗaya yawu ya ƙafe, harshe ya manne a dasashi, in ka sunkuya ka ɗago sai ka ga duhu-duhu. Baba ba ya magana a gona in yana azumi, sai dai leɓensa na motsi. Yaya Sale kullum yana gaba da ni da kunyoyi biyu, ba ya waiwaye, sai in ya kai ƙarshe ya dawo ta nawa ya taro ni. Wannan taron nasa ya fi yunwar ci mini rai.

Rumbu kuma ya yi ƙasa. Dawar bara ce ta rage, mai warin tsufa, Inna na aunawa da ƙaramar ƙwarya tana share bakinta da yatsa. Da magariba kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, sai kwaɗon rama ko na tafasa da ɗan ƙuli-ƙulin da ba ya kai ko'ina. A kasuwar Wudil ana ta labarin shinkafar waje da madarar gwangwani, mu dai labarin muke ji. Amma kurɓin farko na kunun nan, yadda yake sauka yana buɗe maƙogwaro har ka ji shi a yatsun ƙafa, ban sake samun irinsa a wani abin sha ba.

Tsakanin la'asar da magariba nake zama a zaure in baza doguwar takardar injin, ina bin ta layi-layi da tsinke. Yunwa na sa lambobi su yi ta rawa. Kowane lissafi na duba daidai yake, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yanzu ina ganin ɗalibai a nan Wudil da kwamfuta a cinya, su danna, kafin su ɗaga ido amsa ta fito, in ta ƙi su gyara su sake dannawa sau ɗari kafin shayinsu ya huce. Ni dannawa ɗaya ta rage mini, ita ma tana wani gari.

Ranar sha ɗaya ga wata hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwantar da gero. Muna gona ya sauko. Ba wanda ya gudu. Muka tsaya yana dukanmu, ruwa na gangarowa ta goshi yana bi ta kan leɓe, kai kuma ka damƙe baki don kada ɗigo ya wuce. Na ga Baba ya ɗaga fuska sama ido rufe, gemunsa na zuba. Daga ranar marka ta kama. Kwana da kwanaki ba a ga rana sosai ba, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika gida, tufafi ba sa bushewa, katangar bayan gida ta zube. Gero kuwa ya miƙe ya yi duhu har daɗin kallo.

A cikin markar ne na jawo kwalina daga ƙarƙashin gado na tarar katin sun sha danshin ƙasa sun kumbura, har kwalin ya tsage ta gefe. Injin karanta kati ko ɗan lanƙwasa ba ya yafewa. Inna ta ga yadda na zauna dafe da kai, ba ta tambaye ni ba, sai da na fita ta kwashe su ta jera a bayan murhu don ta taimake ni. Na dawo na same su sun bushe sun nannaɗe, wasu sun yi gashin hayaƙi. Na yi mata godiya. Dā niyyata in gano kuskuren in canza kati biyar ko goma. Yanzu sai an sake huda komai, mai huda katin kuma safiya ɗaya za ta ba ni, abin da ba zai wuce kati ɗari biyu ba. Ranar na tabbata an gama da ni.

Da ruwa ya ɗan tsagaita aka shiga huɗa. Baba na da bijimai biyu na huɗa, da garmarsu. Muka yi wa gonar gandu kwana uku. A rana ta huɗu bayan azahar na ɗauki garmar hannu na nufi gayaunata, wadda Baba bai taɓa karɓewa ba duk da ba na nan. Bijiman na ɗaure a gindin tsamiya suna tuƙa. Na wuce su. A raina, ni da ban yanko musu ciyawa ko sau ɗaya ba cikin shekara uku, da wane ido zan je in ce a ba ni aronsu? Na fara huɗa da hannu, ƙasa jiƙaƙƙiya mai nauyi, ciki ba komai. Na yi kunyoyi huɗu. A na biyar ƙarfina ya ƙare, na zauna a cikin taɓo.

A haka Yaya Sale ya same ni. Ya dube ni, sannan ya tafi ya taho da Baba, wai ya zo ya ga abin da boko ke mayar da mutum. Baba ya tambaye ni me ya hana ni ɗaura shanu. Na ce nauyin neman aro nake ji.

"Aro a wurin wa?" in ji Baba. "Kai ba ɗan gandun nan ba ne?"

Na ce shi ne, amma ban yi musu wahala ba.

"Habibu, wanda ke cikin gandu ba ya aro. Shanun nan da garmar nan, tun ranar da aka haife ka kake da hannu a kansu. Abin da ake so kawai ka zo ta ƙofa, ka ce a matsayinka na ɗan gida za ka ɗaura. Ka bar su a tsaye ka zo kana kashe kanka, kana zaton ladabi ne. Ni wannan ba ka girmama ni ba, ka mayar da ni baƙo."

Bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Yaya Sale ya kwanto bijiman ya ɗora musu karkiya, ya kama igiya a gaba, ni na riƙe garma a baya. Abin da na yi niyyar kwana uku a kansa muka gama kafin la'asar ta yi sanyi. Wata kusurwa ce kawai ta wajen kwari shanun ba su iya juyawa a ciki ba, ita na ƙarasa da hannu.

Ina riƙe da garmar nan, ƙasa na tsagewa tana kwantawa gefe biyu, abin ya faɗo mini. Shirin da Malam ya rubuta Gona kaɗai ya sani. In ya saukar da ruwa, a danshin Gona yake zubawa. Ni kuma na je na haƙa wa Fadama wani danshi na dabam, na sa masa suna iri ɗaya, nawa ya tsaya a gaba ya tare na uban. Shinkafata daga nawa take sha, wanda ba wanda ke zuba masa komai, ruwan kuwa yana can yana taruwa a na Malam ba mai taɓawa. Lissafina bai taɓa yin kuskure ba. Ni ne na raba 'ya da ubanta, na ce kada ta ci nasa. Na saki dariya a bayan shanu har Yaya ya waiwayo ya ce ko azumin ne ya taɓa ni.

Yammaci uku na yi a zaure ina rubutu, mafi yawansa gogewa ne. Na cire danshina, na cire faɗina, na cire karɓar ruwana, na bar Fadama ta yi amfani da na Gona kai tsaye. Wuri ɗaya ne ya zama dole ta yi nata, wato lissafin abin da ƙasa ke rasawa kullum, don fadama na samun ƙari daga ƙarƙashi. A nan ma ban sake gini daga tushe ba. Akwai wata 'yar kalma a yaren, qua, haruffa uku, ma'anarta "a matsayin". Na rubuta cewa wannan Fadama, a matsayinta na Gona, ta fara yin lissafin yadda uban ke yi. Sannan a layi na gaba na ɗora nawa, ruwan da kogi ke turowa ta ƙasa. Yaran yanzu suna da tasu kalmar ta kiran uban kilas, har ta fi tamu sauƙi, amma aikin ɗaya ne. Da na ƙirga layukan ba su cika ɗari da hamsin ba.

Tunda ba inji, ni na zama injin. Na share ƙasar zaure, na zana gida ɗaya na danshi, na tara tsakuwa. In Malam ya yi ruwa in zuba, in rana ta fito in kwashe, in kogi ya turo in ƙara. Na bi kwana tara ina riƙe numfashi. Tsakuwa ba ta ƙare ba. Na bi har kwana talatin, kiran magariba ya same ni a durƙushe. Inna ta aiko da kunu har sau biyu kafin na ankara.

Ranar Litinin na naɗe takardun a ledar buhun takin zamani, na ɗaure a cikina ƙarƙashin riga. Na tako zuwa titi cikin yayyafi, na samu motar kaya zuwa Wudil. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace, har kana jin gadar na amsawa. Da na kai Kano na sake mota zuwa makaranta. Ban cire hannu daga cikina ba har na isa.

Mai huda katin wata mata ce 'yar kudu da muke kira Madam, ba ta da wasa. Ta san ni da kwali, da safiyar Talata sai ta ga na miƙo 'yan takardu. Ta gama kafin sha ɗaya. Na zauna a baranda na duba kowane kati da takardarsa sau biyu, na samu ɗaya da waƙafi ya ɓace, ta sake huda shi tana tsaki. Sannan na kai wa Malam Haruna, don sai ya sa hannu ya haɗa da nasa katin kafin a miƙa ta taga. Ya karɓa, ya auna su a tafin hannunsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ina sauran?"

"Sauran suna wurinka, Malam."

Ya buɗe durowa ya ɗauko katin Gona, ya ɗora nawa a bayansu, ya ɗaure da roba.

Daga azahar har bayan la'asar ina zaune a dakalin da ke fuskantar tagar. Ban ji yunwa ba, ban ji ƙishirwa ba, tsoro ya cinye su duka. Ina jiyo na'urar bugawa ta cikin bango. A gwaje-gwajena uku na baya takan yi ɗan ƙara ta yi shiru, don shinkafar da ta mutu a kwana tara ba ta da dogon labari. Wannan karon ta fara ba ta tsaya ba. Na ce a raina aikin wani ne. Sai aka buɗe taga aka kira sunana, aka turo takarda ninki a kan ninki, da ɗuminta.

A tsaye na karanta. Kwana na tara, danshi na nan. Kwana na ashirin, ruwa ya sauka, lamba ta hau. Ta sauka, ta hau, ta sauka, har inda Malam ya ɗauke ruwan sama gaba ɗaya, fadamata ta ci gaba da riƙe danshi daga ƙasa. A layin ƙarshe injin ya rubuta cewa shuka ta kai girbi. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Na jingina da bango na yi hamdala a bayyane, mutane na wucewa suna kallona. Malam ya bi takardar da jan bironsa har ƙasa bai sa alama ko ɗaya ba. Ya sa hannu, ya ce in gaishe da mutanen gida, mu haɗu bayan hutu. A wurin Malam Haruna wannan kirari ne.

Washegari da hantsi na sauka a bakin hanya, ban biya gida ba na miƙe gona. Rana ta fito bayan kwanaki, gero ya fi ni tsayi ya fara fitar da kai. Baba ya tafi jana'iza wani ƙauye, Yaya Sale kaɗai na samu yana cirar ciyawa a gindin dawa. Ya ɗago, bai ko amsa sallamata da kyau ba.

"An kore ka?"

"Ba a kore ni ba, Yaya."

Ya goge hannu a riga ya ce in nuna masa. Na warware takardar a kan kunyoyi, ta yi tsawon mutum uku. Ya bi ta da ido daga wannan kai zuwa wancan, ya tambaye ni me ta ce. Na ce fadama ce irin tamu ta bakin kogi, injin ya noma ta daga shuka har girbi. Sai ya ce to in tambayi takardar, in ruwa ya ɗauke, kwana nawa ƙasar ke yi kafin ta fara tsagewa. Na durƙusa na ƙirga layuka, na ce masa mako uku da 'yan kwanaki. Ya yi lissafi da yatsu, yana tuna shekarun da ya yi yana taka fadamar nan.

"Haka ne," in ji shi. "Bai yi ƙarya ba."

Ya sunkuya da kansa ya naɗe takardar a hankali, yana kaɗe ƙasar da ta manne mata, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ajiye ta a kan rigata na kai hannu zan ɗauki fartanya, sai ya taka ƙotar da ƙafa.

"Yau ka huta. In hutu ya ƙare ka koma ka ƙarasa, Habibu. Rabonka na gandu ni zan ci gaba da nome shi."

Na yi shekaru ina karɓar takardun shaida, an kira sunana a manyan ɗakuna an tafa mini, amma ban taɓa jin na ci nasara kamar yadda na ji a tsakiyar dawar nan ba. Na juya baya don kada ya ga idona. Shi kuma ya koma kan ciyawarsa, ina ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da bakin azumi.